Kujerar da Ke Yi wa Mai Ita Fifita

Duk wanda ya taɓa yin watan Afrilu a ƙasar Rano, ko ya ratsa Kibiya da Tarai da rana tsaka a lokacin da hunturu ya daɗe da yin sallama, hadari kuwa bai ko yi gyaran murya ba, lokacin da duwatsun Rurum ke shan rana tun daga hantsi su riƙa amayo da zafinta har bayan lisha, ya san cewa neman iska yana cikin lalurorin da ɗan Adam ba ya iya jinkirta su. Magabatanmu sun yi wa wannan lalura tanadi iri biyu. Na farko shi ne gini, domin soron ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yakan tsare zafin rana a waje har la'asar, idan kuma dare ya yi bangon ya fara sakin abin da ya sha, sai a fito da tabarmi tsakar gida. Na biyu shi ne mafici, wanda ake saƙawa da kaba, a sayar da shi a kowace kasuwa da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, ya yi wa uwargida hidima a gindin murhu, ya yi wa baƙo a zaure, a fada kuwa ya sake tufafi ya zama figini na gashin jimina da bayin sarki ke ɗagawa a gefen mai martaba ranar hawa.

Illar mafici guda ce, amma babba ce: yana cin hannu. Malamin da ya zauna a kan buzu yana muɗala'a, waraƙoƙin littafinsa a kwance ba ɗinki, hagu na dafe da su dama na riƙe da alƙalami, ba shi da hannu na uku da zai ba mafici. Haka maɗinkin hula, haka mai lissafin dukiya. Saboda haka tarihin fanka baki ɗayansa, tun daga fadar halifofi har zuwa kujerar da muke nufin bayani a kanta, amsoshi ne daban-daban ga mas'ala ɗaya, wato idan mai jin zafi ba zai yi fifita da hannunsa ba, to ƙarfin wa za a ara.

Amsar da masu iko suka fara bayarwa ita ce a ari hannun wani. Ma'abota tarihi sun ruwaito cewa a zamanin Halifa Mansur na Abbasiyawa, wanda ya kafa Bagadaza a shekarar 762 Miladiyya, aka fara jiƙa ƙyalle mai kauri a rataya shi a ɗakin da halifa ke ƙailula domin iskar da ta ratsa shi ta yi sanyi, daga baya kuma mutanen Iraƙi suka riƙa rataya irin wannan ƙyalle na kittani a rufin ɗaki, su ɗaura masa igiya, bawa ya tsaya yana ja yana saki. Almajiran ƙasarmu da suka kai ga karatun lugga sun daɗe da haɗuwa da wannan na'ura ba tare da sun taɓa ganinta ba, gama Hariri mutumin Basra, wanda ya rasu a 1122, ya sa ta a cikin kacici-kacicin maƙama ta 42 daga Maƙamominsa hamsin, waccan da ake kira ta Najran. Ƙarni bayan ƙarni malamai a zaurukan Kano da Zazzau da Katsina suna warware wa ɗalibai baitocin nan, suna fassara fankar Bagadaza da Hausa, alhali gumi na tsatstsafo musu kuma mafici na ajiye a gefe.

Wannan dabara ta rataye ita ce Ingilishi suka runguma a Indiya, suka cika ofisoshinsu da kotuna da barikoki da majami'u da ita: katako mai tsawo da aka lulluɓe da yadi, igiya ta bi ta wata kafa a bango ta fita baranda, can wani talaka yana zaune yana ja dare da rana, idan hannu ya gaji ya ɗaura igiyar a babban yatsan ƙafarsa. Da suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, bayan sun fasa Bebeji a kan hanya, wadda ba ta da nisa da Rano, sun zo da al'adun mulkin da suka koya a Indiya, fanka da yaron da ke janta suna ciki. A kudancin Amurka ma, a gidajen masu gonakin auduga na Misisifi da Luwiziyana, an rataya irinta a kan teburin cin abinci, yara bayi 'yan asalin Afirka suna ja domin kore ƙuda daga akushin iyayengijinsu. Sanyin da ake ji a cikin ɗaki, a duk waɗannan wurare, gumin wani ne da ke waje.

A birnin Filadelfiya ne aka ba da wata amsa dabam, kuma ba mamaki ta fito daga can, domin gari ne na masu sana'ar hannu da ma'abota bincike, gari ne kuma da zafinsa na watannin Yuli da Agusta ke zuwa da laima da ƙudaje. A shekarar 1786 wani maƙerin kayan kiɗa mai suna John Cram ya haɗa kujerar katako wadda ya kafa wa sanda a bayanta, sandar ta lanƙwaso ta saman kan mai zama, ya rataya faifan kwali a ƙarshenta, sa'an nan ya haɗa faifan da wani mataki a ƙasa, ta yadda idan mutum ya taka, faifan zai kaɗa. Charles Willson Peale, mashahurin mai zanen hotuna, yana cikin waɗanda suka fara amfani da ita suka kuma yaba ta. Shekara guda bayan haka, a watan Yuli na 1787, wani limamin Kirista daga Masacusets, Manasseh Cutler, ya ziyarci Benjamin Franklin, dattijo ɗan shekara 81 a lokacin, ya rubuta a kundinsa cewa ya ga wata babbar kujera mai lilo a ɗakin karatunsa, da ƙaton mafici a samanta, wanda dattijon ke kaɗawa da ɗan motsin ƙafa kawai yana karatu, yana shan iska, ƙuda kuma ba ya sauka a kansa.

Hikimar abin ba ta da zurfi, kuma rashin zurfin nan shi ne kyanta. Kujera mai lilo tana tsaye ne a kan katakai biyu masu lanƙwasa, don haka ɗan turi kaɗan ya isa ya kai ta baya, nauyin mai zama kuma ya dawo da ita gaba ba tare da ya sake wahala ba. Ƙasa ba ta motsi, kujera tana motsi, to wannan saɓani da ke tsakaninsu shi ne jarin da ake juyawa: a ɗaura igiya ko siririn ƙarfe a abin da ke kafe, a kai ɗaya bakin ga gajeren ɓangaren sandar da ke riƙe da mafici, kusa da ƙusar da take juyawa a kai, sai tafiyar taƙi guda a ƙasa ta zama shara ta kamu guda ko fiye a sama. Ya kamata kuma mai karatu ya tuna cewa mafici, in ba jiƙaƙƙe ba ne, ba ya rage zafin iskar ɗaki ko kaɗan. Abin da yake yi shi ne ya kawar da iskar da ta ƙoshi da laima a kan fata ya kawo wadda za ta iya shan gumi, gumin kuwa idan zai bushe sai ya tafi da zafin jiki, kamar yadda randar ƙasa ke sanyaya ruwanta da raɓar da ke tsatstsafowa ta jikinta. Wannan ya sa faffaɗan mafici mai tafiya a hankali ya wadatar, ba sai an sami mai gudu ba.

A cikin wannan bazara ta 1787 wakilan jihohin Amurka suna Filadelfiya suna rubuta tsarin mulkinsu, tun daga ƙarshen Mayu har 17 ga Satumba, tagogi a rufe saboda tsaron sirri, su kuma cikin rigunan ulu. Shugaban zaman, George Washington, ya sayi kujerar fifita a kan sule 32 da sisi ya aika da ita gidansa na Mount Vernon, inda har yau ake nuna wa maziyarta irinta a ɗakin karatunsa. Akwai abin lura a nan da ba zan iya wucewa ban faɗa ba: Franklin a shekarar nan ya zama shugaban ƙungiyar Fensilfaniya mai neman a hana bauta, don haka kujerar ta dace da ra'ayinsa, amma Washington, wanda a gandunsa akwai bayi fiye da 300 a lokacin da ya mutu a 1799, bai rasa mai yi masa fifita ba. La'alla abin da ya saya da kuɗinsa shi ne kaɗaici, gama mai rubuta wasiƙun sirri ya fi son ɗakin da babu kunne a cikinsa, kuma an ce masu mulkin Indiya ma sukan fi son kurma ya ja musu fanka saboda wannan dalili.

Ƙarni na 19 shi ne zamanin da abin ya yi yayi a ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka, ko da yake bai yi irin wannan yayi a gidajen mutane ba. A 1847 Charles Horst na Niyu Oliyans ya karɓi takardar shaida a kan kujerar lilo wadda lilon da kansa ke kaɗa maficin da ke samanta. A 1869 Charles Singer na jihar Indiyana ya bi wata hanya, ya sa zugazugi a ƙarƙashin mazauni, ya jawo bututu ya lanƙwaso shi ta saman kai, ta yadda kowane lilo zai matse zugazugin ya huro iska a fuskar mai zama. Maƙeran Rano da sun ga zanen da sun gane shi nan take, sai dai su yi mamakin mutumin da ya mai da kansa garwashi. Wasu da dama sun biyo baya, kowa da nasa ƙarin igiya ko gargare, amma babu wanda ya magance babban aibin da ke cikin asalin dabarar, wato cewa iskar tana raye ne muddin mai ita yana farke. Da zarar sanyin ya yi daɗi gyangyaɗi ya zo, ƙafa ta saki, kujera ta tsaya, zafi da ƙuda su dawo su tashe shi. Ga shi kuwa lokacin ƙailula da tsakar dare su ne lokutan da aka fi bukatar fifita.

Lantarki ne ya rufe wannan babi. A 1882 Schuyler Wheeler ya haɗa fankar tebur mai aiki da wuta a Niyu Yok, a cikin shekarun nan kuma Philip Diehl, wanda ke aiki a kamfanin kekunan ɗinki na Singer, ya ɗauki injin da aka yi domin keken ɗinki ya sa masa fukafukai ya rataya a rufi. Inda wuta ba ta kai ba, an yi wani ɗan zamani ana sayar da fanka mai aiki da fitilar kananzir, musamman a Indiya. Kujerar fifita ta koma gidajen ajiye kayan tarihi.

Ita dai ba ta taɓa zama kayan gidan Bahaushe ba, kuma sababin haka ba ƙarancin fasaha ba ne, domin aron ƙarfin ƙafa don a 'yanta hannu tsohon ilmi ne a wannan ƙasa. Ruwayar Hausa Bakwai ta ba Kano da Rano sarautar baba, wato saƙa da rini, kuma masaƙin Rano tun kaka da kakanni da ƙafafunsa yake taka sanduna yana ɗaga allira yana saukewa, hannuwansa na jifa da ƙoshiya. Da keken ɗinki ya zo, telolin kasuwannin Rano da Kibiya ba su sha wuyar koyon taka shi ba. Abin da ya hana shi ne zama. Mutumin Filadelfiya a kan kujera yake karatu da ci da hira, ƙafafunsa na reto ba su da aiki, mu kuwa ilminmu da cinikinmu da shari'armu a kan tabarma da buzu da darduma suka girma, ƙafa a naɗe, kujera kuma ta mace ce a madafa, gajeriya, ko ta mai mulki. Ban da haka, a gidan malami ko attajiri ba a rasa almajiri ko bara da zai ɗauki mafici, har yana ganin yin haka neman albarka ne, don haka bukatar da ta haifi na'urar Cram ba ta taso da irin wannan ƙarfi ba.

Sa'ad da kujera ta yawaita a gidajenmu ta hanyar makarantar boko da ofishin En'e, fankar lantarki ta riga ta tsufa a duniya, sai muka tsallake matakin tsakiya gaba ɗaya, muka tashi daga kaba zuwa waya. An kammala madatsar Kainji a 1968, turakun wuta suka bi hanyoyi sannu a hankali har suka iso garuruwan kudancin Kano, fankar sama ta shiga masallatan Juma'a da ɗakunan amare. Sai dai kowa ya san wutar takan yi ƙaranci a daidai watannin da aka fi nemanta, shi ya sa a 'yan shekarun nan kasuwa ta koma ga fanka mai caji da mai aiki da hasken rana, galibinsu ƙirar Sin, masu sayar da maficin kaba kuma har yanzu suna cin kasuwarsu a ƙofar masallaci daga watan Maris zuwa faɗuwar ruwan farko.