Cindo: Daga Zaren Wanzami Zuwa Allurar Likita

Da wuya a rasa mai suna Cindo a garin Hausawa. Suna ne na yaron da aka haifa da yatsa na shida, galibi ɗan tsiro mai lilo a gefen ƙaramin yatsa. Abin ya fi yawa cikin baƙar fata, kuma yakan bi jini a gida.

Tun Kagarko na ƙarƙashin Zazzau, wannan aikin wanzami ne. Kafin suna zai zo da zabirarsa, ya cire hakin wuya, in akwai cindo ya ɗaure gindinsa da zare tamau. Jini ya daina zuwa, yatsan ya yi baƙi, ya bushe, ya faɗi. Wani kuma aska yake sawa. Jinjiri na tsala ihu, tsofaffi na cewa ai bai san zafi ba.

Ba mu kaɗai muka yi wannan zato ba. Allurar kashe zafi ta lidoken tun 1943 aka haɗa ta a Suwidin, amma likitocin Turai da Amurka sun daɗe suna yi wa jarirai tiyata ba tare da isasshen maganin zafi ba. Sai a 1987 binciken Dakta Anand da abokan aikinsa ya nuna ƙarara cewa jariri na jin zafi, har yana yi masa illa.

Yau idan cindon fata ne kawai, likita kan yi wa wurin allura, ya yanke, ya ɗinke cikin 'yan mintoci. Jariri idonsa biyu, ba a sa shi barci, nan take uwa ta ba shi nono. In akwai ƙashi a ciki, sai a jira ya yi ƙwari.

Wanzamanmu sun yi hidima lokacin da babu asibiti, Allah Ya saka musu. Amma zare kan bar kututture mai ciwo har girma, askar da ba a dafa ba kuma na kawo tetanos, cutar da ke sandare jariri har ya kasa kama nono.

Ga babban asibiti a Kagarko, ga na Kafanchan. Jariri amana ne, kuma ba shi da bakin faɗin inda ke masa ciwo. Mu kai shi likita ya duba, a bar wa wanzami askin suna.

Allah Ya raya mana zuri'a.