Tarihin Maɓalli da Fitilar Alama a Cikin Gida

Tun kafin wutar lantarki ta shiga gidaje, manyan gidajen Ingila suna da hanyar kiran bara daga nesa. Akan ja waya daga kowane ɗaki zuwa wani allo a sashen barori, inda aka jera ƙararrawa, kowace da sunan ɗakinta. Da batir ya wadata a ƙarni na 19, sai maɓalli ya maye gurbin igiyar da ake ja, wata 'yar tuta mai faɗowa a kan allon kuma ta riƙa nuna ɗakin da ya yi kira. Daga nan aka gaji abubuwa biyu: maɓalli mai aika umarni, da alama mai kawo labari. Na farkon bai ba masu ƙira wahala sosai ba. Na biyun ne ya daɗe yana yaudarar mutane.

A shekarar 1966, James Sutherland, injiniya a kamfanin Westinghouse, ya harhaɗa kwamfuta mai suna ECHO IV a gidansa da ke yankin Pittsburgh a Amurka, ya ja mata wayoyi zuwa allunan maɓallai a ɗakuna. Aiki ne na mutum ɗaya mai haƙuri, domin kowane abu sai an ja masa wayarsa. Dabarar rage wayoyi ita ce jera maɓallai a sahu-sahu: allo mai maɓalli 12, irin na tarho, waya 7 kacal yake bukata, 4 na layukan kwance, 3 na tsaye. Idan aka danna maɓalli, layi ɗaya na kwance ya haɗu da ɗaya na tsaye, na'ura ta gane wanne ne.

A 1975 kamfanin Pico Electronics na garin Glenrothes a Sikotlan ya fito da tsarin X10, wanda ya shiga kasuwa a 1978. Shi ya kawar da jan sabuwar waya gaba ɗaya, yana aika umarni ta cikin wayar wutar gidan, zuwa adireshi har 256. Sai dai tsarin na farko bebe ne ta ɓangaren amsa. Maɓalli zai aika saƙo, amma na'urar da aka aika wa ba ta mayar da komai. In saƙon ya ɓace a hanya, mai gida ba shi da labari.

Girman wannan giɓi ya bayyana a wani wuri da ya fi gida haɗari. Da asubahin 28 ga Maris, 1979, a tashar nukiliya ta Three Mile Island a jihar Pennsylvania, wani bawul ya maƙale a buɗe. Fitilar da ke ɗakin sarrafawa ta nuna kamar ya rufe, domin an haɗa ta ne da wutar da ke ba bawul ɗin umarni, alhali matsayinsa na zahiri babu abin da ke auna shi a wannan fitila. Ma'aikata suka gaskata ta, ruwan sanyaya ya yi ta zuba fiye da sa'o'i biyu, wani sashe na cibiyar makamashin ya narke. Fitilar dai abin da aka haɗa ta da shi ta faɗa. Laifin yana wuyan wanda ya tsara wayar.

Tsare-tsaren da suka biyo baya sun kula da wannan. A tsarin EIB na Turai, wanda aka kafa ƙungiyarsa a 1990, daga baya ya zama KNX, na'urar da ke kunna kaya tana iya aiko da saƙon halin da take ciki, fitilar maɓalli kuma ta bi wannan saƙon.

Tambayar tana nan a inda wuta ba ta da tabbas. Sabha, babban birnin Fazzan a kudancin Libiya, inda Hausawan Nijar da Nijeriya da dama ke neman abinci, ta sha fama da dogon ɗaukewar wuta a shekarun bayan 2011, ga shi ruwanta daga ƙarƙashin ƙasa injina ke jawo shi. Mai gyaran wuta da zai haɗa maɓallin injin tura ruwa zuwa tanki yana da zaɓi biyu. Zai iya rataya fitilar a kan wayar umarni, wanda ya fi sauƙi da arha, amma za ta ci gaba da haske muddin batirin na'urar sarrafawa yana da caji, ko da injin ya tsaya cak. Ko kuma ya ƙara waya biyu, ya ɗauko alamar daga ma'aunin da ke jin gudun ruwa a cikin bututu. Ta wannan hanya ta biyu, idan rijiya ta ja baya, ko wutar layi ta tafi kafin a tayar da janareto, fitilar za ta mutu tare da ruwan.