Hatimin Annabi Sulaiman Da Farautar Indiana Jones

Tun ina yaro nake bin finafinan Indiana Jones, kuma na lura cewa kowane kashi yana tashi ne ko ya faɗi gwargwadon abin tarihin da aka zaɓa jarumin ya nema.

A fim na farko, 1981, Steven Spielberg da George Lucas sun ɗauko Akwatin Alƙawari na Bani Isra'ila. Yahudu da Kirista sun san shi, mu ma mun san shi da sunan Tabutu a ƙissar Ɗalutu cikin Suratul Baƙara, har cocin Habasha na cewa yana ajiye a garin Aksum. A 1989 suka koma kan ƙoƙon da ake danganta wa Annabi Isa (AS). Amma a 2008 sai suka kawo ƙoƙon kan mutum na ƙarau, alhali bincike ya nuna irinsa da ke gidan tarihin Birtaniya, wanda aka saya a 1897, ƙirar ƙarni na 19 ce. Na 2023 kuwa ya jingina da na'urar Antikitera, wadda aka tsamo daga tekun Girka a 1901. Abin mamaki ce, sai dai ba ta taɓa zuciya.

A ganina sharaɗi uku ne: al'ummu da yawa su san abin, ya zama ya ɓace, kuma mallakarsa ta zo da haɗari. Da ni aka tambaya, da zoben Annabi Sulaiman (AS) na zaɓa. Talmud na Yahudawa ya ambace shi, haka wani tsohon littafin Girkanci mai suna Wasiyyar Sulaiman. A Dare Dubu Da Ɗaya ma, da hatiminsa aka toshe tulun aljanin da masunci ya kamo a tarunsa. Ko kakanninmu sun riƙe alamarsa a hannu, domin tauraro mai tsini shida da ake kira hatimin Sulaiman yana jikin kwabo mai huda, yana kuma kan tutar Najeriya daga 1914 zuwa 1960.

Sai dai fa akwai hattara. Kayan Annabi ba abin wasa ba ne, dole a kiyaye martabarsa. Tambayar da irin wannan fim zai bar wa mai kallo ita ce: wa za a amince ya riƙe ikon da ya fi ƙarfin ɗan Adam? Allah Ya sa mu dace.