Salimuzzaman Siddiƙi da binciken sinadaran tsirrai

Farfesa Salimuzzaman Siddiƙi, wanda littattafan Turanci ke rubuta sunansa Siddiqui, masanin kimiyyar sinadarai ne ɗan ƙasar Pakistan. An haife shi a 1897 a garin Subeha, kusa da Lucknow a arewacin Indiya, ya rasu a Karachi a watan Afrilun 1994 yana da shekara 96. Fanninsa shi ne reshen da ke nazarin sinadaran da aka gina a kan kabon, irin waɗanda ake samu a jikin tsirrai da dabbobi. Tambaya ɗaya ya bi tsawon rayuwarsa: in aka ce saiwa kaza ko ganye kaza na magani, mene ne a cikinsa yake yin aikin?

Ya gama kwalejin Aligarh a 1919, ya tafi Landan don karatun likitanci, bai daɗe ba ya bari ya koma Frankfurt ta Jamus ya rungumi kimiyyar sinadarai. A can ya sami digirin digirgir a 1927 a hannun Julius von Braun. Da ya dawo gida sai ya kama aiki a Delhi, a kwalejin Ɗibbiyya da Hakim Ajmal Khan ya assasa, inda ake koyar da likitancin Indiya na gargajiya da kuma Ɗibbul Yunani, wato likitancin da ya gangaro daga Girkawa ta hannun irin su Ibnu Sina. Burin Ajmal Khan shi ne a gwada magungunan hakimai da ma'aunin kimiyyar zamani. Ya rasu a ƙarshen 1927, bai ga sakamakon ba.

Itacen da ya fitar da sunan Siddiƙi shi ne Rauwolfia serpentina, wani ɗan guntun tsiro da masu magani a Indiya suka daɗe suna ba mai taɓin hankali da mai rashin barci saiwarsa. Wahalar ita ce, saiwa ɗaya na ɗauke da sinadarai masu yawa a cakuɗe, mafi yawansu daga jinsin da ake kira alkaloyid, masu ɗaci, masu naitirojin a cikinsu. Mai bincike zai daka saiwar, ya jiƙa ta a ruwan da ke tsotso su, ya tace, ya bi da ruwa mai tsami sannan mai kanwa-kanwa domin wasu su narke wasu su kwanta, ya yi ta maimaitawa har sinadari ɗaya ya fito shi kaɗai, ƙwaya-ƙwaya kamar gishiri. A lokacin babu na'urorin yau. Babbar shaidar cewa abu ya tsarkaka ita ce ya narke a ma'aunin zafi guda, ba ya sauyawa ko sau nawa aka sake tacewa. A 1931, shi da abokin aikinsa Rafat Hussain Siddiƙi suka ware sinadarai da dama ta wannan hanya. Mafi shahara ya raɗa masa suna ajmalin don tunawa da Ajmal Khan, sai ajmalinin da ajmalisin da safentin.

Ajmalin na nan ana amfani da shi. Yana rage gudun saƙon lantarki a cikin tsokar zuciya, shi ya sa likitoci a wasu ƙasashen Turai ke yin allurarsa ga wanda bugun zuciyarsa ya rikice. Haka kuma da shi ake gwajin gano wata cutar zuciya ta gado mai kisa farat ɗaya, wadda ake kira da sunan Brugada.

Amma akwai abin da ya kuɓuce masa, kuma muna ganin ya kamata ɗalibi ya san shi. Sinadarin da ya fi kwantar da hankali da saukar da hawan jini a saiwar ba ya cikin waɗanda ya ware. Ya maƙale ne a wani ɓangare mai danƙo kamar ƙaro, wanda hanyar tacewa ta wancan zamani ba ta fitar da shi cikin sauƙi. Sai a 1952 masu bincike na kamfanin Ciba a birnin Basel na Suwizalan suka ciro shi, suka kira shi risafin, aka sayar da shi a faɗin duniya da sunan Serpasil. Ilimin saiwar na Indiya ne, bincike na farko na Indiya ne, riba kuwa ta tafi inda ake da kuɗi da kayan aiki. Ɗan'uwan wannan tsiro, Rauvolfia vomitoria, yana fitowa a dazuzzukan Afirka ta Yamma, Yarbawa na ce masa asofeyeje, kuma an yi ta fitar da saiwarsa zuwa Turai don waɗannan sinadarai.

A 1940 Siddiƙi ya koma hukumar binciken kimiyya da masana'antu ta Indiya, ya juya ga itacen da duk muka sani: dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya, wasu bedi, wasu maina. Asalinsa na can yankin Indiya ne, a zamanin Turawa aka kawo shi ƙasashenmu. A 1942 ya ware sinadarai masu ɗaci guda uku daga man ƙwallonsa: nimbin da nimbinin da nimbidin. Daga nan aka buɗe ƙofa. A 1968 wasu masu bincike biyu a jami'ar Keele ta Ingila suka gano azadiraktin, wanda ke hana fāra da tsutsa cin amfanin gona, shi ne ƙashin bayan maganin feshi da ake yi da dogon yaro a yau.

A nan muna son jan hankalin iyaye. Samun sinadari mai aiki a jikin itace ba ya nufin kowane gwargwado na itacen magani ne. Likitoci a Malesiya da Indiya sun ba da rahoton jarirai da aka ɗura wa man dogon yaro suka kama amai da jijjiga, wasu suka mutu. Ruwan ganyen da ake dafawa a gida kuma ba wanda ya san ƙarfinsa, na yau daban na gobe daban. In zazzaɓi ya kama yaro, a kai shi a gwada jininsa.

A 1951 ya ƙaura zuwa Pakistan bisa gayyatar gwamnatinta, ya jagoranci kafa hukumar binciken kimiyya da masana'antu ta ƙasar a 1953. A 1961 aka zaɓe shi cikin babbar majalisar masana kimiyya ta Birtaniya, Royal Society. Ga shi kuma gwanin zane, har an taɓa baje kolin zanensa a Jamus.

Da ya yi ritaya a 1966 bai zauna ba. A shekarar da ta biyo ya buɗe cibiyar horar da masu bincike a jami'ar Karachi, wadda daga baya aka sa mata sunan Hussain Ebrahim Jamal saboda gudummawar kuɗin da gidauniyar iyalinsa ta bayar. Ya shugabance ta har 1990, yana da shekara casa'in da 'yan kai, sannan Farfesa Atta-ur-Rahman ya gaje shi. Cibiyar na nan tana karɓar ɗaliban digirin digirgir, har da na ƙasashen Afirka.