Dogon Yaro: Baƙon Da Ya Zama Ɗan Gari, Da Tarihin Ɗacinsa



Kwanakin baya na karanta labarin wani ɗan'uwa inda wani barde na zamanin jihadin Shehu ya ɗaure dokinsa a gindin dogon yaro. Labarin ya yi daɗi, sai dai a lokacin babu wannan bishiya a ƙasar Hausa. Asalinta yankin Indiya da Bama ne. Turawan mulkin mallaka suka kawo ta Afirka ta Yamma: ta shiga Gana zamanin Gwamna Guggisberg, tsakanin 1919 da 1927, aka fara dasa ta a Borno a 1928. Daga nan ta bazu, wasu su ce darbejiya, wasu maina, wasu bedi. Da tsamiya ko kuka barden nan ya samu, da babu mai cewa uffan.

Mutanen Indiya sun shafe ɗaruruwan shekaru suna asuwaki da ita, suna sa ganyenta cikin hatsi da tufafi don korar ƙwari. Mu ma da ta iso, ba mu daɗe ba muka fara dafa ganyen don zazzaɓi da sirace. Amma sanin cewa abu yana aiki daban, sanin abin da ke cikinsa daban, kuma wannan na biyun ya ci shekaru.

An fara ne da ido. Tun wajen 1675 Malpighi a Italiya, sai Nehemiah Grew a Ingila a 1682, suka sa ganyaye ƙarƙashin madubin likita suka zana abin da suka gani. Idan aka yanka ganyen dogon yaro siriri aka duba haka, za a ga fata a sama mai shafe da wani abu kamar kakin zuma da ke hana ruwa tserewa. Ƙarƙashinta akwai dogayen ƙwayoyin halitta jere kamar tubalin da aka tsayar, nan ganye ke sarrafa hasken rana ya zama abinci. Sai wasu sakwa-sakwa masu sarari a tsakani don iska ta ratsa. Ƙofofin numfashi kuwa yawancinsu a bayan ganye suke, inda rana ba ta duka kai tsaye. Akwai kuma 'yan duwatsun gishiri masu ƙyalli a cikin naman ganyen. Wannan kallo ba na nishaɗi ba ne. Ganye idan an daka shi ya zama gari, ido ba ya bambance shi da na kurnar nasara, 'yar'uwarsa mai kama da shi wadda 'ya'yanta ke da guba. Da irin waɗannan alamomi masana magunguna ke gane gari na gaskiya da wanda aka yi wa algus.

Madubi ya nuna ɗaki, bai nuna abin da aka ajiye a ciki ba. A 1942 Salimuzzaman Siddiqui, masanin sinadarai a Indiya wanda daga baya ya koma Pakistan, ya ware sinadarai uku masu ɗaci daga man bishiyar: nimbin, nimbinin da nimbidin.

Babban labarin a Sudan ya faru. A 1959 wani Bajamushe masanin ƙwari, Heinrich Schmutterer, ya ga farin dango sun sauka sun cinye kusan duk wani kore, amma dogon yaro na tsaye da ganyensa. Farar takan sauka a kai, ba ta ci. Manoman wurin ba su rasa ganin haka ba, shi dai ya tsaya ya tambayi dalili. A 1968 Butterworth da Morgan a Jami'ar Keele ta Ingila suka ware sinadarin daga ƙwallon bishiyar, suka kira shi azadiraktin. Yana hana ƙwaro cin abinci, wanda ya ci kuma ya kasa yin saɓa, bai girma ba balle ya hayayyafa. Tsarinsa na da sarƙaƙiya ƙwarai: Steven Ley na Jami'ar Kambirij da ɗalibansa sun yi shekara 22 kafin su iya haɗa shi a ɗakin gwaji a 2007.

Wani abin da ya ba ni mamaki, ƙarfin azadiraktin a ƙwallo yake, ganye kaɗan ya samu. 'Ya'yan nan da muke sharewa a ƙofar gida mu ƙone, su ne dukiyar. Kuma ɗacin makami ne na kare kai, ba don mu aka yi shi ba. Likitoci a Indiya da Maleshiya sun rubuta yadda man ƙwallon ya jefa jarirai cikin mummunan ciwo bayan an ɗura musu.

Da kuɗi ya shigo, sai rigima. A 1994 ofishin rajistar ƙirƙira na Turai ya ba kamfanin W.R. Grace da ma'aikatar gona ta Amurka haƙƙin mallakar wata hanyar kashe cutar tsiro da man dogon yaro. 'Yan Indiya suka kai ƙara, suka ce kaka da kakanni sun san wannan. Aka soke haƙƙin a 2000, aka ɗaukaka ƙara, aka tabbatar da sokewar a 2005.