Daga Kufan Alƙalawa Zuwa Kwanar Maharba: Tunawa Da Mamatanmu

Gabatarwa

 

Al'adar wannan mujalla ce ta keɓe shafi a kowace shekara domin 'yan uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya. A da shafi ɗaya kan wadatar, kuma mafi yawan waɗanda ake ambata dattawa ne da suka cika a ɗakunansu, 'ya'ya da jikoki na kewaye da su. Tun daga wajen shekarar 2019 abin ya sauya. Shafin ya yi kaɗan, masu ƙuruciya sun fi tsofaffi yawa a cikinsa, kuma akwai da yawa waɗanda ba mu iya faɗin inda aka binne su. Wannan ne ya sa na ga ya dace, kafin mai karatu ya kai ga jerin sunayen, mu waiwayi yadda ƙasar Gobir ta riƙe sunayen matattunta a tarihi, mu ga waɗanda ta tuna da waɗanda ta manta, domin mu san nauyin da ya hau kanmu yau.

Sarakunan Da Tarihi Ya Riƙe

Kowane Bagobiri ya ji labarin yadda kakanninmu suka gangaro daga Azbin, suka yi zama a Birnin Lalle, kafin su kutso cikin ƙasar Zamfara. A zamanin Sarkin Gobir Ibrahim Babari aka kafa birni a gaɓar gulbin Rima, a filin da ake cewa na Alƙalin Zamfara ne, daga nan aka sami sunan Alƙalawa. A shekarun 1760 Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi, Alƙalawa ta zama cibiyar mulki mafi ƙarfi a wannan yanki.

Abin lura a nan shi ne, tarihin Gobir bai tsaya ga sunayen sarakuna kawai ba, ya riƙe har yadda suka mutu. An ruwaito cewa Bawa Jan Gwarzo, wanda ya gana da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Magami ranar babbar salla ya kuma amince da buƙatunsa biyar, baƙin cikin rasa ɗansa a wani yaƙi da Katsinawa ne ya yi ajalinsa. Yakubu da ya gaje shi ya faɗi a yaƙin Kiyawa. Yunfa ya faɗi a cikin birninsa a watan Oktoba na shekarar 1808, ranar da rundunar jihadi ta shiga Alƙalawa bayan hare-hare da dama da suka gabata. Sarkin Gobir Ali ya faɗi a Gawakuke a shekarar 1836, tare da Sarkin Katsina Rauda na Maraɗi. Bayan wannan ne Mayaƙi ya kafa Tsibiri, daga baya kuma, wajen tsakiyar ƙarni na 19, Ɗan Halima ya rabu da 'yan uwansa ya kafa Sabon Birni. Isa kuwa ta zama ribaɗi a ƙarƙashin Sakkwato, kuma har yau sarautarta tana ɗauke da sunan Sarkin Gobir.

Duk waɗannan sun iso gare mu ta bakin maroƙa da makaɗan fada da tsofaffin gidan sarauta, waɗanda suka haddace jerin sarakuna kamar yadda almajiri ke haddace allonsa. Sun cancanci yabo, domin ba don su ba da ko wannan ɗin ba mu samu ba.

Waɗanda Ba A Ƙirga Ba

To amma mai karatu ya tambayi kansa: ranar da Alƙalawa ta faɗi, Yunfa kaɗai ya mutu? Birni ne mai ganuwa, mai kasuwa, mai maƙera da masaƙa da marina, mai mata da ƙananan yara. Ina sunan maƙerin da ya tsaya a bakin ƙofa? Ina sunan matar da ta gudu da goyo ba ta kai gaci ba? Wanda ya je kufan Alƙalawa yau zai ga tuddan ƙasa da fasassun tukwane, za a nuna masa inda ake cewa sarakuna suna kwance, amma babu mai iya nuna masa kabarin talaka ɗaya ya faɗi sunansa.

A ɗaya ɓangaren kuwa akwai alƙalami. A ƙarshen shekarar 1804 Gobirawa suka yi galaba a kan jama'ar Shehu a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa. Malaman jihadi sun rubuta cewa sun rasa mutum kimanin 2,000, daga cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani kimanin 200, har sun ambaci wasu da sunayensu. Shekara fiye da 200 ke nan, amma ana karanta wannan har gobe, domin an rubuta shi. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rasu a shekarar 1864, ta yi wa manyan gidansu waƙoƙin ta'aziyya, ta kuma yi wa wata maƙwabciyarta, mace wadda ba ta da sarauta ba ta da muƙami, sai kyawun hali da zumunci. Da wannan waƙa sunan baiwar Allah nan ya tsira.

Ba na kawo wannan domin tayar da tsohon miki. Jikokin waɗanda suka fuskanci juna a Tsuntsuwa da Gawakuke yau sahu ɗaya suke yi a masallaci, sun yi auratayya, kuma masifa ɗaya ce ke cin su. Na kawo shi ne domin darasin da ke ciki: abin da aka bar wa baki, manya kaɗai yake riƙewa, abin da aka ba takarda kuwa yana iya riƙe kowa.

Shekarun Da Muke Ciki

A shekarar 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a gabashin Sakkwato da Zamfara da Katsina. Kafin ƙarshen watan Satumba na shekarar, hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum fiye da 40,000 sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi. Da yawa daga cikinsu mutanenmu ne. Wasu sun sauka a gidajen dangi a yankin Gidan Rumji, wasu aka tsugunar da su a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Akwai tsofaffi da jarirai da suka cika a can, aka binne su a ƙasar da kakanninsu suka sani, amma ba a rubuta sunayensu a littafin kowa a nan gida ba.

Ranar 27 ga watan Mayu na shekarar 2020, kwana uku bayan ƙaramar salla, aka auka wa Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa a ƙaramar hukumar Sabon Birni. Fiye da mutum 70 aka yi wa sutura. A watan Oktoba na shekarar 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, maƙwabtanmu, aka kashe fiye da 40. A watan Disamba na wannan shekarar dai aka tare motar matafiya kusa da Gidan Bawa aka cinna mata wuta da mutane a ciki. Hukuma ta ce mutum 23 ne suka rasu, mutanen gari suka ce sun fi haka. Wannan saɓani kaɗai ya isa ya nuna mana matsalar: tsakanin adadin hukuma da na mutanen gari akwai 'ya'yan wasu, akwai mazajen wasu, waɗanda ko cikin lissafi ba su shiga ba.

Sai kuma abin da ya girgiza duk ƙasar Hausa. A ƙarshen watan Yuli na shekarar 2024 aka sace Sarkin Gobir, Hakimin Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, tare da ɗansa, a Kwanar Maharba, suna kan hanyar dawowa daga Sakkwato. Duniya ta gan shi a faifan bidiyo, dattijo a ɗaure, yana neman a kawo masa ɗauki. A watan Agusta labarin kisansa ya iso. Ba a ba da gawarsa ba, sai sallar ga'ib aka yi masa a Sabon Birni. Yakubu da Yunfa da Ali sun faɗi da makami a hannu, a gaban rundunarsu. Wannan kuwa an riƙe shi makonni a daji, jama'arsa na ji na gani ba su da yadda za su yi. Allah ya jiƙansa, ya karɓi shahadarsa.

Shi sarki ne, tarihi ba zai manta da shi ba, jaridu da gidajen rediyo sun riga sun adana sunansa. Damuwata tana ga sauran. Akwai manomin da aka harbe a gonarsa da fartanya a hannu. Akwai direban da ya ƙi barin hanyar Isa domin marasa lafiya na buƙatar mota. Akwai malamin allo da ya tsaya har almajiransa suka tsere, da ungozomar da rabin unguwa suka faɗo a hannunta, ta ƙare rayuwarta a rumfar gudun hijira. Akwai kuma makiyayin da bai ji ba bai gani ba, aka kashe shi a hanyar kasuwa domin kamanninsa kawai. Duk waɗannan mamatanmu ne, kuma jinin kowannensu nauyi ɗaya gare shi a wurin Allah.

Abin Da Rashin Rubutu Ke Jawowa

Wani zai ce mamaci addu'a yake buƙata, me rubuta suna zai ƙara masa? Gaskiya ne, amma waɗanda ya bari fa? Mun saba idan an yi rasuwa a yi wanka, a sa likkafani, a yi salla, a kai makwanci, a zauna karɓar gaisuwa, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, matar mamaci ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, sannan a raba gado. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana tsaye ne a kan sanin ranar da mutum ya cika. Yau a garuruwanmu akwai matan da ba su san matsayinsu ba, ba su da miji a ɗaki kuma ba su yi takaba ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, matar wanda ya ɓace takan kai ƙara gaban alƙali, a bincika, a yanka mata jiran shekara huɗu kafin ta yi idda. Idan akwai shaidu da rubutacciyar rana, aikin alƙali yakan yi sauƙi, a san hukuncin da ya dace da ita. Haka gonar marayu: idan ba a rubuta wanda ya mutu da waɗanda ya bari ba, ranar da zaman lafiya ya dawo aka koma ƙauyuka, rigimar gona za ta tashi tsakanin 'yan uwa.

Ga kuma iyaka. Tun da Turawan Ingila da na Faransa suka shata layi a farkon ƙarni na 20, Tsibiri ta faɗa Nijar, Sabon Birni da Isa suka faɗo Nijeriya, gaisuwar mutuwa ce ta fi komai riƙe zumuncin Gobirawa. Mun ga yadda aka rufe iyakar bayan juyin mulkin Nijar na shekarar 2023, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. A tsakanin nan an yi rashe-rashe da dama waɗanda dangi na ƙetare ba su ji ba sai bayan watanni.

Shawara Ga Ƙungiya

Saboda haka nake roƙon shugabannin wannan ƙungiya da su buɗe kundin mamata na dindindin. Ba aiki ne mai cin kuɗi ba. A kowace gunduma a sami mutum biyu masu amana, su zauna da liman da mai unguwa da dattawan mata, domin mata sun fi kowa riƙe lissafin haihuwa da mutuwa. A rubuta sunan mamaci da na mahaifinsa, da garinsa, da sana'arsa, da ranar da ya rasu ko ya ɓace, da inda aka binne shi idan an sani, da matan da 'ya'yan da ya bari. A ƙara layi biyu ko uku a kan halinsa, abin da maƙwabta za su tuna shi da shi. A faro daga shekarar 2019, a bi ƙauyukan da suka tashi ta hanyar mutanensu da ke zaune a Sabon Birni da Isa da Sakkwato da Maraɗi. A yi kwafi uku, ɗaya a ofishin ƙungiya, ɗaya a fada, ɗaya a cikin kwamfuta. A kuma taimaka wa iyalai su karɓi takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Kada a tambayi ƙabilar mamaci ko jam'iyyarsa kafin a rubuta shi.

A gaggauta, domin masu riƙe da labarin su ma tafiya suke yi. A unguwarmu akwai wata tsohuwa da ta san asalin kowane gida har kaka na huɗu. Na sha cewa zan je da littafi in zauna da ita, yau da gobe ta hana, har Allah ya karɓi abinsa. Da na sani ƙeya ce.

Kammalawa

Ana yi wa ƙasarmu kirari da Gobir gidan faɗa, kuma kakanninmu sun ci wannan suna. Alƙalawa ta faɗi, Gobir ba ta ƙare ba, aka gina Tsibiri, aka gina Sabon Birni. Da yardar Allah wannan ma zai wuce, a koma gonaki, kasuwanni su ci. Ranar nan jikokinmu za su tambaye mu su wane ne suka mutu a waɗannan shekaru. Mutanen Alƙalawa suna da uzuri, mu da muke da makarantu da malamai da wannan mujalla ba mu da shi.

Mai karatu, idan ka juya shafi ka iske jerin sunayen, ka karanta su ɗaya bayan ɗaya, kada ka tsallake, kuma idan ka san wanda ba a sa ba, ka kawo sunansa ofishin ƙungiya. Allah ya jiƙan mamatanmu, na gida da na daji da na ƙetare, ya haskaka makwancinsu, ya ba iyalansu haƙurin jure rashi, ya raya marayun da suka bari, ya bayyana waɗanda suka ɓace. Allah ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir da Nijeriya da Nijar baki ɗaya, idan tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.