Gurmi a Gaban Lasifika: Tarihin Maɗaukin Sauti

Duk inda aka ambaci gurmi a ƙasar Hausa, sunan da kan biyo baya shi ne na marigayi Alhaji Haruna Uji, haifaffen birnin Haɗeja a 1946, wanda waƙarsa ta Jummai ta shiga gidaje ta rediyo da kaset. Abin kiɗan da ya yi suna da shi ƙarami ne: ɓarin duma da aka rufe da fata, sanda doguwa, sai tsarkiya biyu ko uku da ke hawa kan ɗan jaki. Amonsa na da daɗi, amma ba shi da nisa. A zaure ko a dandalin dare yana wadatar da jama'a. A filin biki na yau kuwa, inda janareta ke ruri kuma lasifika ta kai tsayin mutum, muryar gurmi takan nutse. Wannan matsala ta taɓa samun jita a Amurka da wani abin kiɗa a Kwango, kuma hanyoyin da aka bi aka warware ta suna da darasi ga makaɗan kwarin Haɗeja.

Mafita ta farko da kowa ya sani ita ce makirufo. Sai dai shi makirufo iska yake saurare, don haka duk abin da ke cikin iskar yake kwasa: muryar mawaƙi, hayaniyar taro, har da sautin da lasifikar kanta ta fitar. Idan aka ƙara ƙarfi, sautin ya koma cikinsa ya sake fita, sai a ji wannan kukan mai huda kunne da duk mai zuwa taro ya sani. Maɗaukin sauti wata dabara ce daban. Ana liƙa shi a jikin abin kiɗa, ya ɗauki girgizar tsarkiya ko ta ƙoƙo kai tsaye, ya mai da ita lantarki.

Tushen ilimin ya girmi jitar lantarki da shekara ɗari. A 1831 Michael Faraday ya nuna a Ingila cewa idan ƙarfin maganaɗisu ya sauya a kusa da naɗin waya, lantarki na gudana a cikin wayar. A 1880 kuma 'yan'uwa biyu a Faransa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa wasu duwatsu masu ƙyalli na fitar da lantarki idan aka matsa su. Daga waɗannan bincike biyu aka samu iyalai biyu na maɗaukin sauti: na maganaɗisu da na fiyezo.

Na maganaɗisu ne ya fara shiga kasuwa, kuma daga hannun makaɗa ya fito. A shekarun 1920 jita na shan wahala a cikin manyan ƙungiyoyin kiɗa na Amurka, domin ƙahonni da ganguna sun danne ta. Les Paul, tun yana yaro a jihar Wisconsin, ya soka allurar garmaho a jikin jitarsa ya haɗa ta da rediyo. George Beauchamp, wani makaɗi a Los Angeles, ya ɗauki maganaɗisu biyu masu siffar kofaton doki, ya sa naɗin waya a ƙarƙashin tsarkiya. A 1931 aka ƙera samfurin jitarsa, wadda aka yi wa laƙabi da kaskon suya saboda siffarta. A 1932 kamfanin da ya kafa tare da Adolph Rickenbacker ya fara sayar da ita, aka ba shi takardar mallakar fasahar a 1937. Kamfanin Gibson ya fitar da tasa a 1936, wadda Charlie Christian ya ɗaga da ita har jita ta zama mai jan ragamar kiɗa.

Aikin na'urar ba shi da sarƙaƙiya. Ana naɗa siririyar wayar jan ƙarfe, mai kaurin gashin kai, sau dubbai a kewayen maganaɗisu. A jitocin Fender naɗin kan kai wajen 8,000. Tsarkiyar ƙarfe da ke rawa a samansa tana motsa ƙarfin maganaɗisun, sai ɗan lantarki ya taso a cikin wayar daidai da rawar tsarkiyar, amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi. Duk mai naɗin koyil da ke gyaran fanka ko injin ban ruwa ya san rabin wannan aiki.

A Afirka, wanda ya fi shahara da ƙera irin wannan da hannunsa shi ne Mingiedi Mawangu, direban babbar mota ɗan ƙabilar Bazombo daga iyakar Kwango da Angola. A 1966 ya kafa ƙungiyar da aka sani da Konono No 1 a Kinshasa. Abin kiɗansa likembe ne, ɗan akwati mai harsunan ƙarfe da ake taɓawa da manyan yatsu, kuma hayaniyar birni ta fi ƙarfinsa. Sai ya ciro maganaɗisu daga tsofaffin kayan mota, ya naɗa musu waya, ya haɗa da amfilifaya mai aiki da batirin mota da tsofaffin lasifikoki. Sautin ya fito da kaushi da zuga. Maimakon ya ɗauki wannan aibi, sai ya gina salonsa a kai. Da faifansu Congotronics ya fito a 2004, wannan kaushin ne ya kai su dandalin Turai da Amurka.

Kusa da gida, Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar ya fara ne da jitar da ya harhaɗa da katako da wayar birkin keke, kuma a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008. Shi da sauran makaɗan Abzinawa sun shiga zamanin lantarki cikin sauƙi saboda dalili guda: tsarkiyarsu ta ƙarfe ce.

A nan ne tarihin kayan kiɗan Hausa ya rabu da na jita. Maganaɗisu ba ya jin abin da ba ƙarfe ba. Goge da kukuma izgar doki ce tsarkiyarsu. Gurmi na yau yawanci zaren roba ne, irin wanda masunta ke amfani da shi, abin da ba a rasa shi a kasuwannin Haɗeja da Nguru. Ko an naɗa waya sau dubu goma a ƙarƙashin irin wannan tsarkiya, shiru za a ji. Fasahar da ta ceci jita a 1932 ta wuce su Haruna Uji da Garba Supa da Ibrahim Na Habu ba ta taɓa su ba. Makirufo ya zame musu madogara.

Iyali na biyu, na fiyezo, shi ne ya dace da su. Ya makara wajen shiga kasuwa: kamfanin Barcus-Berry ya fara yi wa goge na Turawa da jita irinsa a shekarun 1960, kamfanin Ovation kuma ya dasa shi a ƙarƙashin jakin jita a farkon shekarun 1970. Shi fiyezo ba ruwansa da irin tsarkiya, girgizar jiki yake ji. A yau ana samunsa a matsayin ɗan faifan tagulla mai farin shafi a tsakiya, wanda ke ƙara a cikin agogo da kayan wasan yara. Faifan da ke fitar da sauti idan aka ba shi lantarki, shi ne ke fitar da lantarki idan aka girgiza shi. Ana haɗa wayoyinsa biyu da kebul mai rufi da dalma, a liƙa shi kusa da jaki.

Arhar abin ba ta kawar da buƙatar gwaninta ba. Idan aka liƙa faifan a tsakiyar fata, nauyinsa kan danne ta, amon ya mutu. Idan aka kai shi gefen ƙoƙo, sautin kan yi rauni, don haka sai an gwada wuri bayan wuri. Yana kuma ɗaukar kowace gogayya ta hannu da riga. Sannan idan aka cusa shi kai tsaye a amfilifayar da aka yi domin makirufo, ƙasan sautin kan zube, ya bar wani siririn amo kamar ana kaɗa gwangwani. Maganin wannan shi ne ƙaramar da'ira mai taransista guda da batir mai bolt 9, wadda mai gyaran rediyo zai iya haɗawa. Fata ma tana da nata hali: a damina, musamman a fadama, takan saki, da hunturu ta ɗaure, kuma fiyezo na bayyana wannan sauyi ƙarara.

Abin da ke kan faranti ya wuce wasa da waya. Tun ƙarshen shekarun 1990, da ɗakunan naɗar waƙoƙin fim na Kano suka rungumi fiyano, sautin kayan gargajiya ya zama maɓalli a jikin na'ura, kuma mai biki da yawa ya gwammace ya ɗauki mai saka kiɗa da lasifikarsa. Makaɗin da ba a jinsa a bayan fili ba a sake gayyatarsa, wanda kuma ba a gayyata ba ya samun yaron da zai koya. Ta haka sana'a ke ƙarewa ba tare da kowa ya hana ta ba.

Ƙera kayan kiɗa daga abin da aka samu ba baƙon abu ba ne a nan. Kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda ya zaga duniya da shi har rasuwarsa a 2015, gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata. Zaren masunta ya maye gurbin izga da jijiya ba tare da gurmi ya daina zama gurmi ba. Beauchamp da Mingiedi ba su fi masu gyaran rediyon Haɗeja kayan aiki ba sa'ad da suka fara. Abin da suka yi shi ne zama da abin kiɗa da waya, suna gwadawa suna saurare, har amon ya kai ƙarshen taro.